Rumbun gayya da ke cikin salularmu: tarihin VLC, FFmpeg da masu rubuta manhaja kyauta

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wani abu da ke cikin aljihun kusan kowa daga cikinmu. Duk wanda ya taɓa sa katin memwar cikin salula ya buɗe wa'azi ko fim da VLC, manhajar nan mai alamar mazubi ja da fari irin wanda ake jerawa bisa titi in ana gyaran hanya, ya san ba ta taɓa tambayarsa ko dala ba. Ba ta sako talla, ba ta cewa a biya kafin a kalla. To wa ya yi ta? Wa ke biyan masu gyara ta? In kuma suka gaji suka aje, mi zai faru da mu?

Mu fara da fayyace kalma biyu. Kowace manhaja, wato abin da muke ce ma aplikasiyon, rubuta ta ake yi layi-layi cikin wani yare da na'ura ke ganewa. Wanga rubutu shi ne kod. Kamfani na iya sayar maka da manhaja ya ɓoye kod ɗin, kamar mai tuwo-tuwo da za ta zuba maka miya amma ba za ta faɗa maka abin da ta sa ciki ba. Wasu kuma suna baje kod ɗinsu a fili, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara. Kalma ta biyu ita ce rumbun kod. Mai rubuta manhaja ba ya ƙera komi daga tushe. In yana son manhajarsa ta karanta sauti, sai ya je ya ɗauko guntun kod da wani ya riga ya rubuta don wannan aiki, ya haɗa da nasa. Tarin irin waɗannan guntaye da aka aje wuri guda don kowa ya ɗiba, shi muke kira rumbun kod a nan.

Da farko ma haka abin yake. A shekarun 1950, kwamfuta takan cika ɗaki guda, kuɗinta sai gwamnati ko babban kamfani. Ƙarfen ake saye, kod kuwa tare yake zuwa kamar igiyar akuya. A 1955 masu aiki da manyan na'urorin IBM a Amurka suka kafa wata ƙungiya mai suna SHARE, don kowa ya kawo abin da ya rubuta a yi musaya. Sai a 1969 IBM ta fara raba kuɗin na'ura daban, kuɗin manhaja daban. A 1976 wani saurayi mai suna Bill Gates, wanda bai daɗe da kafa Microsoft da abokinsa ba, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin masu kwafar manhajarsa ba biya da sata. Daga nan ƙofofi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fara tada ƙayar baya shi ne Richard Stallman, ma'aikaci a babbar makarantar kimiyya ta MIT. Wajen 1980 aka kawo musu sabuwar na'urar buga takardu ta kamfanin Xerox. Tsohuwar da suke da ita, sun gyara kod ɗinta yadda in takarda ta maƙale za ta aika ma mutane sanarwa. Da ya nemi kod ɗin sabuwar don ya yi mata irin wannan gyara, sai aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. A watan Satumba na 1983 ya shelanta aikin da ya kira GNU, wato gina cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba wanda zai iya rufewa. A 1985 ya kafa gidauniya don wannan aiki, a 1989 kuma ya fito da takardar sharaɗi da ake kira GPL.

Wagga takarda ita ce ginshiƙin duk labarin nan, don haka mu tsaya mu dube ta. Ta ba ka dama huɗu: ka yi aiki da manhajar yadda kake so, ka karanta kod ɗinta, ka raba ma wasu, ka gyara ka raba gyaran. Sharaɗi guda ta gindaya. In ka gyara ka rarraba, dole ka bar kod ɗin a buɗe kamar yadda ka same shi. Mu da muka san bankin cimaka a karkara, abin ba baƙo ba ne gare mu: ka ɗibi hatsi lokacin da damina ta yi tsanani, da kaka ka maido don na baya ya samu. Bambancin kawai, shi kod in an ɗiba ba ya raguwa. Abin da ke raguwa shi ne ƙarfi da lokacin mai kula da rumbun, kuma za mu dawo bisa wannan.

GNU ta tara kayan aiki da yawa, amma zuciyar tsarin ba ta kammala ba. Ranar 25 ga Agusta 1991, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya aika saƙo cewa yana wani ɗan aiki don sha'awa kawai, ba wani babban abu ba ne. Abin nan shi ya zama Linux. A 1992 ya sa shi ƙarƙashin GPL, mutane daga ƙasashe daban-daban suka dinga aiko gyara ta intanet. Yau duk salular Android da ke kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram, Tecno ce ko Itel ko Samsung, bisa Linux take zaune. A 2005 shi dai Torvalds ya sake ƙera wani kayan aiki mai suna Git, wanda ke riƙe tarihin kowane layi: wa ya rubuta, yaushe, don mi. Bisa Git aka gina dandalin GitHub a 2008, kuma a 2018 Microsoft, kamfanin mai wasiƙar 1976, ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan dubu 7 da ɗari 5.

Yanzu mu zo Faransa, inda labarin sauti da bidiyo ya samo tushe. A 1996 ɗaliban makarantar injiniyoyi ta École Centrale da ke kusa da Paris suna son a sabunta musu rezon gidajen kwanansu. Don su nuna amfanin sabon rezo, sai suka ɗauki aikin tura hotunan talabijin na tauraron ɗan'adam ta cikin wayoyin kwamfuta zuwa ɗakuna. Aikin lakkwal ne, ajin bana ya miƙa ma ajin baɗi. Ranar 1 ga Fabrairu 2001 hukumar makarantar ta yarda a saki kod ɗin ƙarƙashin GPL, VLC ta fita duniya. Alamar mazubin nan kuwa daga wasan ɗalibai ta samo asali: sun kasance suna kwaso su daga titi suna tarawa. Da ƙarfin ɗalibai ya fara ja baya, wani tsohon ɗalibin makarantar, Jean-Baptiste Kempf, ya kafa ƙungiyar VideoLAN wadda ba ta neman riba, don aikin ya tsaya da ƙafarsa. An sha yi masa tayin miliyoyi don ya sa talla cikin VLC, ya ƙi. A farkon 2025 ƙungiyar ta sanar cewa an sauke VLC sama da sau miliyan dubu 6.

Amma in kuka tambaya yaya VLC ke buɗe kusan kowane irin fim da aka jefa mata, amsar mafi yawanta tana cikin wani rumbun kod da ake kira FFmpeg. Wani injiniya Bafaranshe, Fabrice Bellard, haifaffen Grenoble, shi ya fara shi a ƙarshen shekarar 2000, kuma da sunan aro ya sa hannu. Mutumin nan shi ne ya ƙera QEMU, kuma a ƙarshen 2009 ya karya bajintar duniya ta lissafin lambar nan "pi" da kwamfutar tebur guda.

Mi FFmpeg ke yi? Sauti da hoto, in an ɗauke su ɗanye, suna da nauyi ƙwarai. Dole a matse su kafin su shiga katin memwar ko su bi rezo, a kwance su lokacin saurare. Hanyoyin matsewa suna da yawa, kowane kamfani da tasa, wasu ma ba su bayyana yadda tasu take ba. Ƴan sa-kai na FFmpeg suka zauna shekara da shekaru suna kwance waɗannan ƙulle-ƙulle ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci da lalube kawai, har suka tara ɗaruruwa cikin rumbu guda. Sharaɗin da suka zaɓa, LGPL, ya fi GPL sassauci: kamfani na iya sa rumbun cikin hajarsa ta sayarwa ba tare da ya buɗe sauran kod ɗinsa ba, amma in ya taɓa rumbun kansa ya rarraba, sai ya bayyana gyaran. Shi ya sa FFmpeg ya shiga ko'ina, daga Chrome zuwa manyan dandalin bidiyo. Da motar bincike ta Perseverance ta sauka duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairu 2021, da FFmpeg aka matse bidiyon saukarta kafin a turo shi ƙasa.

Gayya ba ta rasa gardama. Daga 2004 Michael Niedermayer ke jan ragamar aikin. A farkon 2011 wasu daga cikin manyan masu rubutu suka ce ba su gamsu da yadda ake tafiyar da abubuwa ba, suka kwashi kod ɗin gaba ɗaya suka buɗe nasu mai suna Libav. Sharaɗin ya ba su wannan dama, ba wanda ya kai wani kotu. Shekara huɗu ana tafiya gida biyu, masu amfani suna ruɗewa. A 2015 Debian, ɗaya daga cikin manyan masu rarraba Linux, ta koma ga FFmpeg, a shekarar kuma Niedermayer ya sauka daga shugabanci da fatan a sasanta. Libav ta dusashe a hankali. Abin lura a nan, duk rigimar nan kod ɗin bai ɓace ba. Da na kamfani ne aka watse, da an rufe shago da kayan ciki.

Mu ma'aikatan rediyo, labarin nan har cikin situdiyo ya same mu. Manhajar Audacity da da yawa daga cikinmu ke yin montaj da ita, a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka aka fara ta, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka sake ta a shekarar 2000. Waɗanda suka daɗe cikin aikin za su tuna wahalar nan: ka gama montaj, ka zo fitar da MP3, sai ta ce sai ka nemo wani ɗan fayil mai suna LAME. Aka dinga yawo da shi cikin kile daga wannan tasha zuwa waccan. Dalili shi ne hanyar matse MP3 tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka, cibiyar Fraunhofer ta Jamus na cikin masu shi, ana biyan kuɗi. Sai a 2017 wa'adin ya ƙare, daga baya LAME ya zo a haɗe cikin Audacity. Saboda irin wannan ɗauri ne wasu suka ƙera Opus, hanyar matse murya da ba a biyan ko sisi, aka tabbatar da ita a 2012. Duk vokal ɗin da kuke turo mana ta WhatsApp daga Dakwaro, Madawa ko Magarya, da Opus aka matse shi. Shi ya sa muryar minti guda ke wucewa ko da rezo na rawa, ba ta cinye forfe ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Duniya ta saba ɗiba, ba ta saba tambayar wa ke gadin rumbu ba. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka bayyana wata ɓaraka cikin OpenSSL, rumbun kod da ke kulle sirri tsakanin na'urarka da shafukan intanet. Heartbleed aka sa mata suna. Kuskure ne ɗan ƙarami da ya shiga tun ƙarshen 2011, ya bar shafuka wajen rabin miliyan a buɗe ga ɓarayin kalmar sirri. Da aka bincika, sai aka tarar mutum guda ne kawai ke aikin cikakken lokaci bisa rumbun da bankuna da gwamnatoci suka dogara da shi, gudummawar da ke shigowa a shekara kuma wajen dala 2000 ce. Dalar Amurka muke nufi, amma ko an canza ta bai kai miliyan guda na sefa ba a lokacin. Sai bayan an sha kunya manyan kamfanoni suka haɗa asusu.

A Disamba 2021 aka sake yin irinta da wani rumbu mai suna Log4j, ƴan sa-kai ƙalilan suka kwana ba barci suna toshe rami, duniya na yi musu tsawa. Ta 2024 kuwa ta fi ban tsoro, don da gangan aka yi ta. Akwai wani rumbu na matse fayil mai suna xz, mutum guda, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da shi ba albashi, har ya faɗa a fili cewa ya gaji. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana yana kawo gyare-gyare masu kyau, wasu sunaye kuma suna matsa ma Collin lamba ya ba shi dama. Sama da shekara biyu yana gina amana, da ya samu makulli sai ya dasa ƙofar sirri da za ta iya buɗe na'urori masu ɗimbin yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, shi ya lura na'urarsa na jinkirin rabin daƙiƙa wajen shiga, ya bi sawu, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024, kafin abin ya bazu. Ya iya bin sawun ne don kod ɗin a buɗe yake. Ƙofar kuma ta samu shiga ne don an bar mutum guda da kayan gari.

FFmpeg ma bai tsira daga wannan ƙunci ba. Masu kula da shi sun sha kokawa a fili cewa kamfanoni masu arzikin da ya fi na ƙasashe suna turo musu ƙorafi da gaggawa, ba su turo gyara ko kuɗi. A 2024 wani asusun gwamnatin Jamus ya ba aikin sama da Yuro dubu 150, wato wajen miliyan 100 na sefa. Ga mu kuɗi ne masu yawa. Ga rumbun da bidiyon duniya ke bi ta cikinsa, albashin injiniya ɗaya ko biyu ne na shekara a Turai.

Ina mu cikin wanga tarihi? Cikin masu ɗiba muke, kuma ba laifi ba ne, don hakan aka yi shi. Amma Afirka ta taɓa zubawa. A farkon 2008, lokacin rikicin bayan zaɓe a Kenya, wasu matasa suka ƙera Ushahidi don jama'a su aiko rahoton inda ake tashin hankali a sa bisa taswira. Suka bar kod ɗin a buɗe, a 2010 aka yi aiki da shi wajen ceto bayan girgizar ƙasar Haiti. DHIS2 kuma, manhajar tattara alƙaluman kiwon lafiya da jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda likitocinmu a Nijar ke aiki da ita, asalinta daga Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariya.

Kuma zubawa ba sai ka iya rubuta kod ba. Hanyar a fili take. Ka ga matsala, ka rubuta ma masu aikin bayani dalla-dalla: wace salula, wane fayil, mi ka danna, mi ya faru. Wannan kaɗai gudummawa ce, don su da ke Turai ba su da irin ƙananan salulolin da muke riƙewa, ba su san rezon da ke ɗaukewa sau goma cikin awa ba. Wanda ya iya kod, ya kwafi rumbun, ya yi gyaransa, ya miƙa. Masu kula za su karanta, su ce gyara nan, rage can, wani lokaci sau uku sau huɗu, sa'annan su karɓa, sunanka ya shiga tarihin aikin. Wanda ya iya Faransanci da Hausa, ga fassara tana jira: kalmomin da ke bisa allon manhaja ƴan sa-kai ke juya su zuwa harsunansu. Mu ne muka san ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba ado ba ne, mun san bambancin ƙafa da kafa. In ba mu duba ba, ba Bafaranshen da zai duba mana. Mai murya kuma, akwai Common Voice na Mozilla, da aka buɗe a 2017, inda ake karanta jimloli don na'ura ta koyi jin magana, kuma Hausa na ciki. In Hausar Gobir, ta Adar da ta Damagaram ba su shiga ba, na'urar gobe za ta ji wasu ta kasa jin tsohuwarmu. Mai yawo bisa kabu-kabu ya san lungun unguwarsu, OpenStreetMap da aka fara a 2004 tana karɓar sunan titi, rijiya da likita daga hannun kowa.

Akwai kuma abin da ya rataya ga mai ɗiba. Ka sauke manhaja daga inda masu ita suka aje ta, ba daga kwafin da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu ba, don akwai masu ɗaukar VLC su cusa mata ƙazanta su rarraba da sunanta. In sabuntawa ta fito, ka yi in forfe ya samu, don galibi rami aka toshe. Matasanmu na jami'ar Abdou Moumouni, ta Dan Dicko Dankoulodo da ta André Salifou da ke fara ƙera manhajoji, ku karanta sharaɗin rumbun da kuka ɗauka, ku ambaci masu shi, in ya ce a maido gyara ku maido. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

VLC aikin ɗalibai ce, Linux aikin ɗalibi ne, Audacity ma a jami'a aka haife ta. Ba ɗaya daga cikinsu da ya fara da jari, sai dai lantarki, rezo da malamin da ya ce a bari yara su gwada. Biyun farko muna fama da su, kowa ya sani. Na ukun kuwa a hannun shugabannin makarantunmu yake: aikin ƙarshen karatu da ɗalibi ya yi, maimakon ya ruɓe cikin kabad, a bar shi a buɗe ajin baya su ɗora.

Allah ya ba mu ikon zubawa kamar yadda muke ɗiba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.